Yaran da Aka Kora daga Gida: Tarihin Ƙungiyoyin Tallafa wa Matasan LGBTQ a Amurka

Kafin shekarar 1962 babu jiha ko ɗaya a Amurka da dokarta ba ta ɗauki tarayyar namiji da namiji a matsayin laifi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma tun 1952 sun sanya sha'awar jinsi ɗaya cikin kundinsu na cututtukan taɓin hankali. A irin wannan zamani, yaron da iyayensa suka gano halin da yake ciki bai da hanyoyi masu yawa a gabansa. Wasu aka kai su asibitin masu taɓin hankali, wasu gidan kangararrun yara, da yawa kuwa aka watso musu kaya waje aka rufe ƙofa. Waɗanda aka koran sukan hau motar safa ta Greyhound su nufi babban birni, su sauka kusa da Times Square a New York ko unguwar Tenderloin a San Francisco, inda ɗakin otal ke da araha, inda kuma manyan maza masu kuɗi a aljihu ke jiran yaro mai yunwa.

Manya masu irin wannan ɗabi'a sun riga sun fara haɗa kansu. An kafa Mattachine Society a Los Angeles a 1950, mata kuma suka kafa Daughters of Bilitis a San Francisco a 1955. Amma dukkansu ba sa karɓar wanda bai kai shekara 21 ba. Dalilinsu tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe: zargi mafi kaifi da ake jifansu da shi shi ne lalata yara, kuma ganin matashi ɗaya a taronsu ya isa 'yan sanda su rufe ƙungiyar su kwashe shugabanninta. Sakamakon haka, waɗanda suka fi kowa buƙatar taimako su ne aka bari a waje. Duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi ya taso ne daga wannan giɓi.

1965 zuwa 1966: 'yan titin Tenderloin

Waɗanda suka fara cike giɓin su ne yaran da kansu. Tsakanin 1965 da 1966 matasan da ke kwana a titunan Tenderloin suka kafa ƙungiya mai suna Vanguard, cocin Glide Memorial ta mabiya Methodist ta ba su ɗakin taro, wasu matasan limamanta kuma suka tsaya musu. Suna yin raye-raye a harabar cocin, suna buga 'yar mujallarsu, suna koyon yadda ake gudanar da taro da yadda ake tunkarar hukuma. Masana tarihi da dama na ɗaukar Vanguard a matsayin ƙungiyar farko ta irin waɗannan matasa a Amurka.

A kusurwar titin Turk da Taylor akwai gidan cin abinci na Compton's da ba ya rufewa dare da rana. Nan yaran ke fakewa daga sanyi, su sayi kofi ɗaya su zauna a kansa har asuba. Masu gidan suka fara kiran 'yan sanda suna korarsu. A watan Yulin 1966 Vanguard ta yi zanga-zanga a ƙofar gidan, a watan Agusta kuma rikici ya ɓarke. Abin da ake faɗa shi ne wani ɗan sanda ya damƙi hannun ɗaya daga cikin masu shigar mata, ita kuma ta watsa masa kofi a fuska, daga nan aka shiga jifa da kofuna da kwanukan sukari, aka farfasa tagogi. Jaridun birnin ba su ɗauki labarin ba, shi ya sa har yau babu wanda ya tabbatar da ranar. Labarin ya dawo ne daga bakin waɗanda suka halarta, bayan masaniyar tarihi Susan Stryker ta nemo su ta haɗa fim a kansu a 2005.

Abin da aka ɗauki hotonsa kuwa shi ne abin da suka yi bayan rikicin. A kakar wannan shekara suka ari tsintsiyoyi masu dogon hannu daga hukumar birnin suka fito suka share titin Market. 'Yan sanda sun saba kiran samamen da suke kai musu da sunan sharar titi, wato su ne dattin. Sai ga dattin nan riƙe da tsintsiya, suna tara ƙarshen sigari da kwalaben giya, masu ɗaukar hoto na biye da su. Vanguard ba ta daɗe ba, ta watse cikin 'yan shekaru, amma ta nuna cewa yaron da aka kora zai iya tsayawa ya yi magana da bakinsa.

1969 zuwa 1973: gidan STAR

Daren 28 ga Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall Inn a Greenwich Village ta New York, mutanen ciki da na waje suka ƙi watsewa, aka kwashe darare ana arangama. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi tsayawa a gaba yaran titi ne da ke kwana a ɗan lambun da ke daura da mashayar. Ana yawan cewa Marsha P. Johnson ce ta jefa bulon farko. Wannan faɗa ce kawai. Ita da bakinta, a wata hira da aka naɗa, ta ce sai wajen ƙarfe biyu na dare ta iso, ta tarar rikici ya riga ya kankama. Abin da ta yi wanda babu shakka a kansa ya zo ne shekara guda bayan haka, kuma a ganina ya fi bulon nauyi.

Marsha da ƙawarta Sylvia Rivera an haife su maza, suka rayu a matsayin mata. Sylvia, wadda aka haifa a 1951, ta bar gidan kakarta tun tana wajen shekara goma sha ɗaya, ta girma a titin 42. A 1970 suka kafa ƙungiyar STAR domin samar wa yara irinsu wurin kwana. Masaukinsu na farko bayan wata tirela ce da aka ajiye a wani filin ajiye motoci. Yadda suka ba da labari, wata safiya suna dawowa da abincin karin kumallo sai suka hangi direba ya ɗaura tirelar ya ja, yara kusan ashirin na barci a ciki, suna ta dirowa tana tafiya. Daga nan suka samu wani ruɓaɓɓen gini mai lamba 213 a titin East 2nd, babu wutar kirki, babu abin ɗumama ɗaki. Suka gyara abin da za su iya gyarawa. Kuɗin haya da na abinci kuwa Marsha da Sylvia ke fita titi da dare su sayar da jikinsu su samo, domin kada ƙananan su fita. Sylvia a lokacin shekararta 19. Yarinya ce ke riƙon yara.

A Yulin 1971 aka kore su saboda bashin haya. A 1973, a babban gangamin shekara a Washington Square, Sylvia ta ƙwaci makirufo tana tuna wa taron 'yan'uwansu da ke kurkuku da waɗanda ke kwana a titi, jama'a suna yi mata ihu. Ƙungiyoyin manya a lokacin na neman karɓuwa a idon al'umma, suna ganin masu shigar mata da 'yan titi na zubar musu da mutunci. Wannan ƙyama ta cikin gida ta daɗe, kuma tana cikin dalilan da suka sa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a Harlem suka gina nasu tsarin a cikin shekarun 1970. Crystal LaBeija ta kafa abin da suka kira gida, wasu gidajen suka biyo baya, kowane da uwa ko uba. Duniya ta san su da gasar ado da rawa, musamman bayan fim ɗin Paris Is Burning na 1990, amma aikin uwar gida na yau da kullum shi ne dafa abinci, ba da tabarmar kwana, yi wa yaro faɗa ya koma makaranta, da raka shi asibiti. Wanda ya san zaman 'yan daudu a Kano ko Katsina, inda babba kan zama uwa ga ƙaramin da ya baro garinsu, ta koya masa sana'ar abinci ta ba shi wurin kwana, zai gane siffar abin, ko da yake tarihin kowanne daban ne.

1972: wata uwa daga Flushing

Jeanne Manford malamar firamare ce a unguwar Flushing ta Queens, mace mai kunya wadda ba ta taɓa shiga zanga-zanga ba. A Afrilun 1972 ɗanta Morty yana raba takardu a wata liyafar 'yan jarida da 'yan siyasa a otal ɗin Hilton, aka lakaɗa masa duka har sai da aka kwantar da shi a asibiti, 'yan sanda na tsaye. Ta rubuta wa jaridar New York Post wasiƙa ta bayyana cewa tana da ɗa mai neman jinsinsa kuma tana ƙaunarsa, ta sa cikakken sunanta. A zamanin da malamar makaranta ke iya rasa aikinta kan ƙasa da haka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar 25 ga Yunin 1972 ta shiga jerin gwano tare da Morty, riƙe da kwalin da ta rubuta da hannunta tana kiran iyaye su haɗa kai su goyi bayan 'ya'yansu. Da ta ji jama'a na sowa sai ta zaci don Dakta Benjamin Spock ne, shahararren likitan yara da ke tafiya a bayanta. Sai ta ga matasa na ratso layi suna rungumarta suna kuka, suna roƙonta ta yi wa iyayensu magana. A Maris ɗin 1973 ita da mijinta Jules suka kira taron farko a wata coci a Greenwich Village, mutum kusan ashirin suka zo. Wannan ne asalin PFLAG, wadda ta zama ƙungiyar ƙasa baki ɗaya a farkon shekarun 1980, yau kuma tana da rassa ɗaruruwa.

Tsarin taronsu bai da wuya. Iyaye ne ke zama a da'ira, sabuwar zuwa ta faɗi abin da ke cinta, sau da yawa cikin kuka da fushi da tambayar ina ta yi kuskure a tarbiyya, waɗanda suka riga ta shiga halin su saurara. Ba a tilasta mata yarda da komai. Abin da ake so ta fita da shi shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da sani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A Disambar wannan shekara ta 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, abin da ya buɗe wa ƙwararru hanyar shiga aikin ba tare da an ce suna ƙarfafa cuta ba.

1979 zuwa 1985: ƙwararru sun shigo

A 1979 wani likitan ƙwaƙwalwa, Emery Hetrick, da abokin zamansa Damien Martin, malami a Jami'ar New York, suka ji labarin wani yaro ɗan shekara 15 da aka yi wa duka a gidan fakewar marasa galihu, aka kuma kore shi daga gidan saboda halinsa, waɗanda suka dake shi suka ci gaba da zamansu. Suka tara wasu manya suka kafa cibiyar kare irin waɗannan matasa. Da farko niyyarsu su riƙa matsa wa hukumomin jin daɗin yara lamba su gyara, sai suka tarar yaran na zuwa ƙofarsu da yunwa da rauni a jiki. Dole suka buɗe wurin ba da shawara da abinci da sutura.

Da yawan yaran sun daina zuwa makaranta saboda duka da zagi. A 1985, tare da hukumar ilimi ta birnin, cibiyar ta buɗe Makarantar Harvey Milk a ɗakin wata coci kusa da Washington Square, da ɗalibai kusan ashirin. An sa mata sunan ɗan majalisar birnin San Francisco da aka harbe ranar 27 ga Nuwamban 1978, mutumin da a jawabansa ya sha maganar yaron ƙaramin gari da ke buƙatar a ba shi fata. Makarantar ta jawo gardama tun ranar farko, gardamar kuma ta sake tashi a 2003 lokacin da birnin ya kashe dala miliyan 3.2 ya faɗaɗa ta. Masu ra'ayin riƙau suka ce ɓarnar kuɗin jama'a ce. Wasu masu goyon bayan yaran ma suka ce wariya ce, me ya sa za a cire wanda aka zalunta a bar azzalumi a ajinsa? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ina ganin masu yin ta suna da gaskiya idan ana maganar shekara ashirin gaba. Amma yaron da aka fasa wa baki jiya ba zai iya jiran a gyara makarantu dubu ba kafin ya rubuta jarrabawarsa.

Duk wannan na faruwa ne cutar ƙanjamau na cin wannan al'umma kamar wutar daji. Hetrick ya mutu da ita a 1987, Martin a 1991, Morty Manford a 1992. A 1988 aka sauya wa cibiyar suna zuwa Hetrick-Martin. Cutar ta kashe manyan da za su jagoranci matasa, ta kuma tilasta wa gwamnati fara ba da kuɗin wayar da kai, kuɗin da ƙungiyoyin matasa da dama suka rayu a kansa. A irin wannan lokaci aka kafa BAGLY a Boston a 1980, wadda tun farko matasa ke shugabancinta manya na ba da shawara, da SMYAL a birnin Washington a 1984.

A Los Angeles wata malamar kimiyya a sakandaren Fairfax, Virginia Uribe, ta zaɓi ɗaya hanyar, wato gyara daga cikin makarantar gwamnati. A 1984, bayan ta ga yadda aka tsangwami wani ɗalibi har ya bar makarantar, ta sanar cewa duk mai son magana ya same ta a ajinta lokacin hutun cin abinci. Ɗalibai suka riƙa zuwa. Ta kira shirin Project 10, saboda abin da aka daɗe ana faɗa cewa mutum ɗaya cikin goma mai sha'awar jinsinsa ne, adadin da ake jinginawa ga binciken Alfred Kinsey, wanda binciken baya bai tabbatar da shi ba. A 1988 wasu 'yan majalisar jihar California suka yi barazanar hana makarantun birnin kuɗi idan ba a rufe shirin ba. Hukumar ilimi ta ƙi, shirin ya bazu zuwa sauran makarantunta.

1988 zuwa 2000: ɗalibai sun karɓi ragama

A 1988 wani matashin malamin tarihi a Concord Academy ta jihar Massachusetts, Kevin Jennings, ya tsaya gaban ɗalibai ya bayyana halinsa. Ba da daɗewa ba wata ɗaliba ta same shi. Ita ba mai neman jinsinta ba ce, mahaifiyarta ce, kuma ta gaji da jin ana zagin irin uwarta a makaranta. Suka kafa kulob da ya haɗa kowa da kowa, wanda aka sani da GSA. Hikimar tsarin tana nan: tunda kowa na iya shiga, shigarka ba ta tona maka asiri. Yaron da bai shirya faɗa wa kowa komai ba zai iya zama a kujerar baya a matsayin mai rakiyar aboki. A 1990 Jennings da wasu malamai suka kafa ƙungiyar da ta zama GLSEN, mai neman a kare irin waɗannan ɗalibai a makarantu.

A 1989 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da rahoto kan yadda matasa ke kashe kansu. Wani babi da Paul Gibson ya rubuta ya ce irin waɗannan matasa sun ninka sauran sau biyu zuwa uku wajen yunƙurin hallaka kansu. Ministan lafiya Louis Sullivan ya nesanta kansa da babin, masana kuma sun yi sukar wasu alƙalumansa, amma binciken makarantu na shekarun baya ya tabbatar da cewa tazarar gaskiya ce. Rahoton ya sauya yadda ake gardamar. A da ana tambaya ne ko halin daidai ne ko kuskure, yanzu ana tambaya ko za a bar yara su mutu. Wannan ne ya sa gwamnan Massachusetts William Weld, ɗan jam'iyyar Republican, ya kafa hukuma ta musamman kan waɗannan matasa a 1992. Hukumar ta zagaya jihar tana sauraron ɗalibai suna ba da shaida da bakinsu. Ɗaruruwansu suka riƙa cika harabar majalisar jiha suna bin 'yan majalisa ofis-ofis, har a Disambar 1993 aka sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci a makarantun gwamnati. Waɗanda suka ci wannan yaƙi yawancinsu ba su kai shekarun jefa ƙuri'a ba.

A Birtaniya iska ta kaɗa ta ɗaya ɓangaren. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa Sashe na 28 a 1988, wanda ya hana ƙananan hukumomi duk abin da za a kira tallata wannan ɗabi'a, malamai suka kama bakinsu ko da sun ga ana dukan yaro. A 1989 wani yaro ɗan shekara 16, Albert Kennedy, da ya gudo daga gidan renon yara, ya faɗo daga saman benen ajiye motoci a Manchester ya mutu. Ana cewa wasu ne suka biyo shi. Wata mata mai riƙon yaran da ba nata ba, Cath Hall, ta kafa gidauniya da sunansa domin nema wa irinsa gidajen da za su karɓe su. Sashe na 28 bai faɗi ba sai 2000 a Scotland, 2003 a Ingila da Wales.

Gwajin da ya fi kowanne zafi ya zo a Salt Lake City ta jihar Utah, cibiyar mabiya Mormon. A 1995 wata ɗaliba 'yar shekara 17, Kelli Peterson, ta nemi kafa GSA a sakandaren East High. Akwai dokar tarayya ta 1984, wadda Sanata Orrin Hatch na Utah na cikin masu goyon bayanta domin kare kulob-kulob na karatun Littafi Mai Tsarki, da ta ce makarantar da ta yarda da kulob ɗaya da ba na darasi ba dole ta yarda da sauran. Lauyoyi suka gaya wa hukumar ilimi cewa dokar ta shafi kulob ɗin Kelli. A Fabrairun 1996 hukumar ta kaɗa ƙuri'a, huɗu da uku, ta soke dukkan irin waɗannan kulob, sama da arba'in. Ɗalibai suka fice daga azuzuwa suka yi tattaki zuwa majalisar jiha, cikinsu har da waɗanda damuwarsu kulob ɗin wasan dara ko na ƙwallo ne kawai. Aka yi shekara huɗu ana shari'a kafin hukumar ta janye a 2000. A 1996 ɗin ne kuma Jamie Nabozny, wanda aka yi shekaru ana azabtarwa a makarantarsa a Ashland ta jihar Wisconsin, ya yi nasara a kotun tarayya kan shugabannin makarantar da suka ƙi kare shi, aka sasanta kan kusan dala 900,000. Daga ranar, shugaban makarantar da ya kau da kai ya san abin na iya taɓa asusunsa.

Horar da shugabanni ya zama aiki mai tsari a wannan lokaci. Carolyn Laub ta kafa GSA Network a yankin San Francisco a 1998, inda ɗalibai ke horar da ɗalibai yadda ake jan taro, rubuta ƙorafi, magana da ɗan jarida, da zama gaban ɗan majalisar jiha. Sun taka rawa wajen samar da dokar kare ɗalibai ta California da aka sa wa hannu a 1999. A New York matasa baƙaƙe da 'yan Latin suka kafa FIERCE a 2000 domin kare haƙƙinsu na zama a bakin kogi a ƙarshen titin Christopher, inda marasa gida suka daɗe suna haɗuwa. Point Foundation, daga 2001, ta riƙa biyan kuɗin jami'a, tana haɗa kowane ɗalibi da babban da zai ja shi a jiki, tana kuma ɗora masa aikin al'umma.

1998 zuwa 2010: waya, gado, bidiyo

Wani gajeren fim mai suna Trevor, kan yaro ɗan shekara 13 da ya yi yunƙurin kashe kansa, ya ci kyautar Oscar a 1995. Da tashar HBO za ta nuna shi a Agustan 1998, masu fim ɗin suka nemi lambar wayar agaji da za su sa a ƙarshe domin yaron da zai kalla shi kaɗai a ɗaki, suka tarar babu irinta a faɗin ƙasar. Sai suka buɗe da kansu. Wannan ne asalin Trevor Project. Wata biyu bayan haka aka ɗaure Matthew Shepard, ɗalibin jami'a ɗan shekara 21, a jikin shinge a wajen garin Laramie bayan an yi masa dukan da ya zama ajalinsa.

Maganar wurin kwana kuwa, shekara talatin bayan tirelar STAR, ba ta warware ba. A Disambar 1997 aka harbe Ali Forney a Harlem yana da shekara 22. Ya girma a titi, ya kuma zama mai yawo da dare yana wayar wa 'yan'uwansa kai kan ƙanjamau. Carl Siciliano, wanda ya san shi a cibiyar da yake shugabanta, ya buɗe gida da sunansa a 2002 da gado shida a ƙasan wata coci. Ya zama mafi girman irinsa a ƙasar. Wani bincike na cibiyar Williams a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na matasa marasa gida da ƙungiyoyin agaji ke hulɗa da su 'yan LGBT ne, babban dalili kuma ƙin iyaye.

A Satumbar 2010 aka samu jerin yaran da suka kashe kansu bayan tsangwama, cikinsu akwai Billy Lucas ɗan shekara 15 a Indiana da Tyler Clementi na Jami'ar Rutgers. Marubuci Dan Savage da abokin zamansa Terry Miller suka sa bidiyo a YouTube suna gaya wa yara su daure, rayuwa na gyaruwa. Dubban mutane suka yi irinsa, har Shugaba Obama. Matasan GSA Network suka amsa da nasu shirin, suna cewa ba haƙuri suke nema ba, a gyara makarantar yanzu.

2009 zuwa yau

Binciken da a ganina ya fi kowanne amfani ya fito ne daga Caitlin Ryan, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta kafa Family Acceptance Project a San Francisco a 2002. Ta zauna a ɗakunan iyalai tana lissafa abin da iyaye ke yi a aikace: wanda ke dukan yaro, wanda ke hana shi zuwa bikin dangi, wanda ke ce masa ya jawo wa gida abin kunya, da wanda ke zama ya saurare shi ko ya tsawata wa ɗan'uwan da ya zage shi. Sakamakon da mujallar Pediatrics ta buga a 2009, daga mutum 224, ya nuna cewa waɗanda iyalansu suka ƙi su sosai sun ninka waɗanda ba a ƙi ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu. Ta kuma gano cewa yawancin iyayen da ke takurawa suna yi ne da niyyar ceton ɗansu, kuma ko rage tsananin kaɗan na rage haɗarin. Saboda haka ba ta ce wa kowa ya bar addininsa ba. A 2012 ta fitar da ɗan littafi na musamman domin iyalan Mormon, tana nuna musu cewa uba na iya riƙe aƙidarsa ya kuma bar ɗansa ya ci abinci a kwano ɗaya da ƙannensa.

Na san mafi yawan masu karanta wannan addininsu bai yarda da wannan ɗabi'a ba, kuma a Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa irin ƙungiyoyin da na ambata. Amma tambayar Ryan ba ta buƙatar ƙungiya ko rajista. Uba ne da uwa, da yaron da suka haifa, da shawarar ko zai kwana a gida daren nan. Wanda aka kora ba ya shiryuwa a tasha. Hannun da ke jiransa a can ya fi kowanne muni.

A Amurka kanta lamarin bai tsaya wuri ɗaya ba. A Maris ɗin 2022 jihar Florida ta kafa dokar taƙaita maganar jinsi a azuzuwa, jihohi da dama suka bi sahu, gardamar ta koma kan yara masu sauya jinsi da haƙƙin iyaye na sanin abin da ake yi a makaranta. A wannan shekara gwamnatin tarayya ta buɗe lambar agajin gaggawa ta 988, aka kuma ware layi a cikinta, mai kira ya danna 3 ya samu wanda aka horar kan matsalar waɗannan matasa. Trevor Project ta kasance cikin masu amsa kiran. Layin ya karɓi kira da saƙonni fiye da miliyan ɗaya. Ranar 17 ga Yulin 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta rufe shi, tana cewa babban layin zai kula da kowa ba tare da rarrabewa ba. Trevor Project ta ci gaba da amsa kira a tata lambar da kuɗin masu ba da gudummawa, jihar California kuma ta sanar cewa za ta haɗa kai da ƙungiyar domin horar da masu amsa kiran 988 a cibiyoyinta.